"Wallahi Ban Gan Shi Ba": Makafin Kusurwoyin Manyan Motoci da Batun Alhaki Bayan Haɗari a Kanya, Ƙasar Zuru

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wani nau'in haɗari da ba a cika ware masa suna ba: babbar mota tana tafiyar hawainiya, ko tana shirin tashi, ko tana shan kwana, sai ta taka mai babur ko mai tafiya a ƙasa, direba kuma ya rantse bai ga kowa ba. An ɗauki Kanya da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru a matsayin fagen nazari. Matsayin takardar shi ne, rantsuwar direban sau da yawa gaskiya ce, amma gaskiyarta ba ta sauke alhaki daga wuyan kowa, sai ma ta nuna inda za a bi sawunsa: madubin da ya karye ba a sauya ba, lodin da ya tsere wa bodi, yaron motar da aka sallama, da mai motar da ba a taɓa gani a wurin sulhu. An auna batun da dokokin Nijeriya da kuma fiƙihun Malikiyya, aka nuna cewa dukansu sun fi al'adar sulhunmu ta yau tausayin mamaci da marayunsa.

1. Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. A gida Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ƙirga mutum 5,081 da suka rasu a 2023, da 5,421 a 2024. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga rajista. Wanda mota ta taka a kasuwar ƙauye da hantsi, aka yi masa sutura bayan azahar, aka yi sulhu a zauren mai gari kafin magariba, da wuya ya shiga lissafin kowa.

Ko wanda ya shiga ma, dalilin mutuwarsa ba ya fitowa yadda yake. Jadawalin musabbabin haɗurra da hukumar ke fitarwa yana da gurbin gudun wuce sa'a, da fashewar taya, da tsinkewar birki, da obalodi, da gyangyaɗi a kan sitiyari. Wuraren da idon direba ba ya kaiwa, waɗanda zan riƙa kira makafin kusurwoyi, ba su da gurbi nasu. Sai dai a cusa su ƙarƙashin tuƙin ganganci ko "sauransu".

Kanya ƙasar noma ce. Da zarar kaka ta yi, dawa da masara da wake da waken suya suka shigo kasuwa, sai manyan motoci su biyo sawu: kanta, da roka mai bodin katako, da daf, wani lokaci har tirela. Daga nan kaya ke gangarowa Zuru, wasu su bi ta Dabai da Mahuta su faɗa babbar hanyar Sakkwato a Koko, wasu su yi kudu ta Rijau zuwa Kontagora. Ita kuwa zirga-zirgar yau da kullum ta mutanen yankin, a kan babur take. Kabu-kabu ne motar asibiti, shi ne motar amarya, shi ke kai buhu biyu kasuwa. Ga kuma abin da rashin tsaro ya ƙara. Tun kafin harin watan Maris na 2022, wanda aka kai wa ayarin mataimakin gwamnan Kebbi na lokacin, Samaila Yombe Dabai, a nan Kanya, har aka rasa jami'an tsaro, tafiyar dare ta zama kasada a wannan yanki. Saboda haka lodi da saukale da tashi duk sun matsu cikin 'yan sa'o'in rana, kowane direba na son ya bar daji kafin la'asar sakaliya. Babbar mota mai gaggawa, a tsakiyar cincirindon babura da 'yan talla, a kan hanyar da ba ta da kafaɗa: wannan shi ne yanayin da takardar ke magana a kansa.

2. Inda ido ba ya kaiwa

Mai tafiya a ƙasa yana ɗauka cewa wanda ke zaune can sama ya fi kowa gani. Nesa kam ya fi kowa hangowa. Kusa ne ba ya gani.

Hukumar da ke kula da lafiyar manyan motocin haya a Amurka ta daɗe tana koya wa jama'a wani ma'auni mai sauƙi: ƙafa 20 a gaban mota, wato kusan mita 6, ƙafa 30 a bayanta, kusan mita 9, layi ɗaya a gefen direba, layi biyu a ɗaya gefen. Ma'aunin ya bambanta daga mota zuwa mota, amma siffar ba ta canzawa, kuma ta shafe mu kai tsaye domin hannunmu ɗaya da Amurka. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari ya koma hagu. Ma'anar wannan ita ce kusurwar da ta fi kowace makanta tana gefen mai zaman banza, gefen da ke kallon bakin hanya. To, a garuruwanmu wane ne a bakin hanya? Mai rake da baronsa, yarinya da farantin gyaɗa, almajiri, tsoho mai jan akuya, da ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja. Mun tara masu rauni duka a gefen da direba ya fi makancewa.

Mu ɗauki gaba tukuna. A motar da ba ta da hanci, irin su DAF da MAN da Howo, direba na zaune a kan inji, ƙasan gilashin gaba kuma ya fi tsayin yaro ɗan firamare, wani lokaci ya fi na babba. Yarinyar da ta gitta dab da bamba da farantinta a ka, don ta kai wa mai saye a ɗaya gefen, ta ɓace wa direba ɗungurungum. A mota mai dogon hanci irin Mack, hancin ne ke yin wannan aikin. Direba ya gama biyan 'yan lodi, ya hau, ya duba gaba ya ga hanya fetal, ya saki birki. Ba a kai gudun kilomita biyar ba an yi ɓarna.

Na biyu, kuma wanda ya fi cin rai, shi ne shan kwanar dama. Tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi ta ciki, kuma gwargwadon tsawon bodi gwargwadon zurfin yanken. Tirelar da ta cika ƙa'idar Turai tana kai mita 16.5. Don kada tayoyin baya su faɗa kwalbati ko su kwashe rumfa, dole direba ya fara buɗewa hagu kafin ya karyo dama. A daidai wannan lokaci wani fili ke buɗewa tsakanin motar da bakin hanya. Mai babur da ke biye ya ga mota ta yi hagu, ya ga fili, sai ya ce ta ba shi hanya, ya kutsa. Da kan motar ya karya, madubin dama ya daina nuna hanya, jikin bodin kawai yake nunawa. Filin ya rufe kamar bakin almakashi. Direba ba ya jin komai a sitiyari, domin babur ba shi da nauyin da zai girgiza tan 30. Ihun mutane da dukan bodi ne ke tsayar da shi.

Akwai kuma batun lokaci, wanda masu zargi ke mantawa. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a, wanda shi ne iyakar da ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta yanka wa tirela da tanka a babbar hanya, tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Direba ba zai iya kallon madubin hagu da na dama da gaba a lokaci guda ba. Kafin idonsa ya zagayo, babur ya shiga inda da babu kowa. Wannan iyaka ce ta ɗan Adam, kuma ita ce ta sa masu ƙera motoci suka koma rage makantar tun daga masana'anta.

3. Motar da ta bar Turai da wadda ta iso Kanya

A 2003 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin manyan motoci ƙarin madubai, dokar ta kama aiki sosai a 2007. A wannan shekara ta 2007 aka sake yin wata doka da ta ce tsofaffin motocin da aka yi wa rajista daga Janairun 2000 su ma a ɗaura musu, kafin ƙarshen Maris 2009. Saboda haka babbar motar da aka ƙera don Turai bayan 2007 ta fito da madubai shida: manya biyu, masu faɗin gani biyu, ɗaya a saman ƙofar mai zaman banza yana leƙen ƙasa, ɗaya a saman gilashin gaba yana leƙen bamba. Birnin Landan ya ga ko wannan bai isa ba. Hukumar sufurinsa ta gano cewa tsakanin 2015 da 2017 manyan motoci, da ba su wuce kashi 4 cikin 100 na tafiyar da ake yi a birnin ba, suna da hannu a kashi 63 na haɗurran da suka kashe masu keke, da kashi 25 na waɗanda suka kashe masu tafiya a ƙasa. Sai ta shiga ba motocin da suka haura tan 12 taurari, daga sifili zuwa biyar, gwargwadon abin da direba ke gani da ƙwayar idonsa ba ta madubi ba. An fara tilastawa a Maris 2021, aka ɗaga ƙa'idar zuwa tauraro uku a Oktoba 2024. Daga Yulin 2024 kuma duk sabuwar babbar mota a Tarayyar Turai sai da na'urar da ke gargaɗin direba idan mai keke ya shiga gefensa.

Ba na kawo wannan don a ce Kanya ta zama Landan ba. Dalilina shi ne yawancin daf ɗin da ke ɗaukar dawarmu daga can suka zo, kuma da madubansu suka sauka a Legas ko Kwatano. Abin tambaya shi ne ina suka tafi.

Duk wanda ya tsaya a inda ake lodi ya ɗaga kai zai ga amsa. A saman ƙofar dama akwai ƙarfe a miƙe, babu komai a kansa: reshen bishiya ya tsinke madubin tun bara. Babban madubin da ya fashe, an kai wa mai yankan gilashi ya yanko na ɗaki ya manna, an ɗaure da roba. Na asali mai doro ne, shi ya sa yake kwaso fili mai faɗi. Na ɗaki shimfiɗaɗɗe ne, yana nuna abu da girmansa amma a ɗan siririn wuri. Direba yana da madubi, jami'in da ya tsayar da shi a hanya ya ga madubi, amma rabin aikin ya tafi. Ƙasan gilashin gaba an liƙe shi da sitika, sama an sa labule mai tuntu, dashbod cike da fulas da buta da takardu. Buhunan sun kumburo sun wuce bodi, tamfol na kaɗawa, har ma a ɗora mutane a kan kaya, abin da hukumar kiyaye haɗurra ta sha yin gangami a kansa. Lokacin hunturu kuma ƙura ta gama sauran.

Abin da ya daɗe yana cike wannan giɓi a ƙasar Hausa shi ne yaron mota. Shi ke dira kafin mota ta tsaya, ya jefa weji a ƙarƙashin taya. Shi ke tsayawa a baya in za a yi ribas, yana dukan bodi: "Taho, taho, taho... ya isa!" In za a sha kwana, shi ke fito da rabin jikinsa ta taga yana kora babura da hannu: "Kai, dakata! Ba ka ga mota za ta karya ba?" A haƙiƙa shi ne idon direba na dama, kuma ta nan yake koyon tuƙi. Motar da mai ita ya ce ba zai ciyar da yaro ba, ko aka bar yaron can saman kaya yana gadin buhuna, ko kujerarsa aka sayar wa fasinja, ta rasa wannan ido. A ganina rashin yaro a kujerar dama, a cikin kasuwa, daidai yake da rashin madubi, kuma ya kamata mai shari'a ya ɗauke shi haka.

4. Sa'ar farko bayan haɗari

Alhaki hujja yake bi, hujjar irin wannan haɗari kuwa ba ta daɗewa. Direba ya san abin da fushin jama'a ke iya yi, don haka da ya ji ihu sai ya dira ya nufi ofishin 'yan sanda ko ya shige daji. Ba a ganin laifinsa, ran kowa abin so ne. Amma kafin jami'i ya iso daga nesa, an janye babur, an ture mota don a buɗe hanya, wasu matasa sun farfasa gilasai da sauran madubai. Yanzu ba mai iya tabbatar da ko madubin ƙofar dama yana nan kafin haɗarin. Masu jifan sun shafe babbar hujjar mamacin da hannunsu.

Daga nan sai zaman sulhu. Shugaban 'yan yuniyan ya zo, wakilin mai kaya ya zo, dattawan gidan mamaci suna gefe. Direba ya rantse bai gan shi ba. Wani ya ce ai ta hannun mai zaman banza ya shigo. Wani dattijo ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ƙarar kwana ce. Ƙanin mahaifin mamaci ya share hawaye ya ce, "Mun yafe, mu ba ma cin kuɗin jini." A kawo buhun hatsi da ɗan abin sadakar uku, a saki mota ta kai kaya. Mai motar, wanda yake Gusau ko Kano ko Anacha, ta waya kawai aka ji muryarsa.

Sulhu alheri ne, kuma a yanki irin ƙasar Zuru, inda Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya ke gida ɗaya, kasuwa ɗaya, shi ke hana ƙaramar magana zama babba. Ƙorafina ba a kan sulhun yake ba. A kan tambayar da ake tsayawa a kanta yake. Ana tambayar ko direba ya gani, in ya rantse bai gani ba sai a rufe magana. Dokar ƙasa da fiƙihu duka ba a nan suka tsaya ba.

5. Ma'auni biyu

A ɓangaren laifi, Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 da dokar FRSC ta 2007 sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya kashe mutum ta tuƙin ganganci ko mai hatsari. Sai dai mai gabatar da ƙara dole ya kawar da duk wani kokwanto, motar da ke rarrafe a cikin kasuwa kuwa da wuya a kira tafiyarta ganganci. Shi ya sa irin waɗannan ƙararraki ke mutuwa tun a teburin ɗan sanda, jama'a kuma su ɗauka cewa tunda ba a ɗaure direba ba, babu wanda ake bi bashi.

Ƙarar neman diyya hanyarta daban. A nan rinjayen hujja ya wadatar, tambayar kuma ita ce: me direba mai hankali, wanda ya san motarsa, zai yi a wannan wuri? Makahuwar kusurwa ba abin ba-zata ba ce. Kowane direban tirela ya san da ita tun yana yaron mota. Wanda ya san akwai inda ba ya gani, ya kuma san yana tsakiyar 'yan talla, wajibinsa ne ya sa a duba masa, ya yi oda, ya kunna sigina tun da wuri, ya motsa a hankali. Don haka kalmar "ban gani ba" tana iya zama shaida a kansa. Sannan akwai ƙa'idar da ta ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki, ko da shi yana kwance a gida. Ban da wannan, mai mota yana da nasa sakacin na kansa idan ya saki mota babu madubi, ko ya ɗaura albashin direba a kan yawan sawu har ya zama tsayawa dubawa asara ce. Idan kuma mai babur ya kutsa ta dama alhali sigina na ci, kotu ba ta korar ƙarar iyalinsa gaba ɗaya. Tun 1945 Ingila ta bar wannan tsauri ta koma raba laifi gwargwadon hannun kowa, dokokin Arewa kuma suka bi sawu. Za a rage diyyar ne daidai kason laifinsa.

Fiƙihu ya riga mota zuwa, amma bai riga matsalar ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane zauren karatu a ƙasar nan ya san ta, sun ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai janta da mai korarta da wanda ke kanta. Ba a sa sharaɗin sai ya ga abin da aka taka ba. An dai togace harbin da dabba ta yi don kanta, ba tare da an tsokane ta ba. Wani zai ce to tayoyin bayan tirela ai kamar ƙafar bayan raƙumi suke, direba ba ya ganinsu. Ƙiyasin bai zauna ba. An yi wa mahayi rangwame ne domin dabba tana da nata nufin. Mota ba ta da shi. Duk juyin da tayar baya ta yi, daga ƙafar direba da hannunsa ya fito.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a kan haɗurran mota a taronta na takwas a Brunei, a 1993. Ta tsayar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma haɗarin mota yana ƙarƙashin hukuncin jinaya, yawanci na kuskure. Direba yana lamuncewa sai a hali uku: abin da ya fi ƙarfinsa kuma ba ya iya kauce masa, ko aikin wanda abin ya shafa ya zama shi ne ya yi tasiri mai ƙarfi, ko laifin wani na uku, wanda a nan shi zai ɗauka. Idan an yi tarayya a sababi, a yi tarayya a lamuni. A ƙarƙashin wannan, mai motar da ya ƙi sayen madubi mai janyo sababi ne da sakaci, kuma hukunci na iya isa gare shi.

Sai maganar yafiya, inda nake ganin mun fi yin ganganci da haƙƙin mutane. Diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, wanda a lissafin giram 4.25 kowane dinari ya kama kilo 4.25 na zinariya. Ba kyauta ba ce da dangi za su karɓa ko su mayar don kunya. Gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, kuma tun zamanin Manzon Allah (SAW) aka tabbatar wa matar Ashyam Addibabi kasonta daga diyyar mijinta. Baligi yana da ikon yafe nasa kason, kuma yana da lada. Amma baffan da ya ce "mun yafe" alhali mamaci ya bar mata da yara ƙanana huɗu, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Waliyyi ba ya sarayar da dukiyar maraya sai in akwai maslaha ga marayan. Sau nawa ake tambayar matar, wadda ke cikin takaba a lokacin da maza ke zaure? Iyalin da ba Musulmi ba kuwa, babbar kotun jiha a buɗe take gare su, a kan asarar mai ciyar da su.

6. Wa zai biya?

Nan ne ake cewa ai direba talaka ne, ko an sayar da shi ba zai biya ba. Gaskiya ne, kuma shari'a ba ta ce shi kaɗai zai biya ba. Abin da ke kansa shi kaɗai kaffara ce, azumin wata biyu a jere. Diyyar kuskure aƙila ke ɗauka, wato danginsa na wajen uba, a rarrabe cikin shekara uku. Muhtasar na Shehu Halil ma ya gabatar da abokan diwani, waɗanda ke karɓar albashi a rajista ɗaya da mai laifin, a kan dangi. A kan wannan tushe majalisar fiƙihun da na ambata, a taronta na Dubai a 2005, ta amince cewa inda aƙila ta watse, inshorar takaful da ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya da asusun ma'aikata za su iya tsayawa a matsayinta. Direban daf yana da irin wannan rajista: ƙungiyar direbobi ta NURTW tana yankar masa tikiti duk lodi, masu motoci kuma suna da tasu ƙungiyar, NARTO. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗi kullum, ta kuma aiko shugabanta ya karɓo mota daga hannun hukuma, ba za ta rasa yadda za ta ware asusun diyya ba.

Inshora kuma ba sabon abu ba ce. Tun dokar 1945 aka wajabta wa kowace mota inshorar kare mutum na uku. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗinta ga manyan motocin ɗaukar kaya a naira 100,000 a shekara, da biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 5. Rai da rauni ba a yanka musu iyaka ba. 'Yan sanda sun shelanta fara tilasta ta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu 2025. Wanda ke da shakku a kan halascin inshorar gargajiya, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, akwai kuma kamfanonin da ke yin ta. Matsalar ita ce takardar da ke cikin dashbod sau da yawa ta gefen ofishin lasisi ce, an saye ta don a nuna a shingen hanya, babu kamfanin da ke bayanta. Ko ta gaske ce ma, masu sulhu ba sa tunawa da ita, domin a tunaninsu inshora ta jami'in hanya ce, ba ta mamaci ba. Alhali ana iya duba lambar mota ta waya a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, cikin minti ɗaya.

Abin da nake ba masarauta da hakimanta shawara bai buƙaci sabuwar doka ba. A sanar da masu unguwanni da shugabannin kasuwa da na 'yan kabu-kabu cewa kafin a taɓa mota, a ɗauki hotonta da waya daga gefen mai zaman banza, inda madubai da lodi da wurin da babur ya kwanta za su fito, a kuma rubuta ko akwai yaro a kujerar dama. A zaman sulhu, kada a karɓi yafiya a madadin ƙananan yara sai alƙali ya sani. Wurin lodi a ranar kasuwa a fitar da shi daga tsakiyar 'yan talla, ko da kuwa 'yan dako za su yi gunaguni. Abin da zai fi ba da wuya shi ne gano mai motar kansa. Manyan motoci kan sauya hannu sau biyu ko uku ba a canza suna a takarda ba, wasu kuma na biyan kaɗan-kaɗan ne, inda mai sayarwa da mai saye kowa ke cewa motar ta ɗayan ce da zarar an yi ɓarna. Don haka kada a saki mota a hannun ɗan kamasho ko mai kaya. A riƙe ta har wanda ke karɓar balas ɗinta ya zo da kansa, ko ya aiko wakili da takarda mai sa hannunsa.